Goɗiyar da Aka Kai Gwanjo

Washegarin ranar da motar ƙarshe ta kwashe yara, gidan iyalin Tackett ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Marnie tana kicin tana soya ƙwai, mijinta Royce yana hura kofi, ita kuwa uwarsa, tsohuwa Odessa, ta hakimce a kan tebur tana shafa wa burodi man shanu yadda take shafa wa mutane baƙar magana, a hankali, har gefe-gefe.

"To, 'ya'yan mutane sun koma gidajen iyayensu," in ji ta. "Yanzu sai a ga wa ke da nasa."

Marnie ba ta juyo ba. Royce kuwa ya ƙura wa kofinsa ido kamar yana neman wani abu da ya faɗa ciki.

Gonar dawaki ce a gindin duwatsun Colorado, a Amurka. Duk dogon hutu ana kawo yaran birni su koyi hawa, su kwana a ɗakunan katako, su koma gida da ƙura a kai da labarai a baki. A matsayin mai kula da ɗakin ƙananan yara Marnie ta zo wurin. Royce, wanda duk kwarin nan aka san shi da tsokana, ya jefa mata kwaɗo a takalmi a makonta na farko. Ita kuma ta cika masa hular kaboyi da kashin doki, ya ɗora a kai a gaban yara. Daga nan soyayya ta ƙullu, aka yi aure a ƙaramin cocin garin. Shekaru suka tura, ciki bai zo ba, likitocin Denver suka ce a daina sa rai. Royce ya ce shi bai damu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: a waje zaki ne, a gaban uwarsa kuwa ko ɓera ya fi shi murya.

Al'adar gonar ce, kaka na kamawa likitan dabbobi ya zo ya duba goɗiyoyi. Wadda ba ta ɗauki ciki ba a ɗora ta a tirela zuwa gwanjo, don ba a ciyar da ingiricin sanyi a banza. Ɗaya ce kawai wannan doka ba ta taɓa hawa kanta ba, wata tsohuwar akawal, baƙa wuluk, mai suna Tilly. Tilly juya ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Amma ranar yaye, in an raba duƙusai, 'ya'yan dawaki, da uwayensu, ita ake saki cikinsu. Sai ta tsaya a tsakiyar shinge tana cin ciyawarta kamar ba abin da ya faru a duniya, su yi ta haniniya su gaji, su zo su manne a jikinta. Da zafi kuma ita ake ɗora wa yaran da ke tsoron doki. Marnie ce ke ja mata ragama.

Bana da likita ya gama, Odessa ta nuna Tilly da sandarta.

"Har da waccan."

Royce ya ce, "Mama, yaye fa ya kusa..."

"Ni za ka koya wa yaye? Ni na yaye ka." Ta juya wajen Marnie tana murmushi. "Ke yarinya, ke ta fi yarda da ke. Ja ta ki shigar mini. Macen da ba ta haihuwa ba ta cin abincin gidan nan, haka na tarar, haka zan bari."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Kowa ya san wa ake yi wa hannunka-mai-sanda. Marnie ta kama ragama, Tilly ta bi ta ba gardama, har tana shinshina aljihunta tana neman karas. Sai da ta ɗaure ta a cikin tirela ta fito, sannan hawaye ya ci ƙarfinta. Odessa ta ce wa ɗanta ya yi sauri, masu sayen dawaki don nama ba sa jira.

Da yamma ya dawo da tirela babu kowa ciki. Marnie ta tambaye shi wa ya saya, ya ce kar ta tambaya. Ba ta sake tambaya ba.

A wannan makon tsohuwa ta kira shi ɗaki, ba ta ma damu da rufe ƙofa ba. Ta ce gonar nan ta kakansa ce, ba za ta mutu ta bar ta a hannun wanda ba shi da magaji ba. Ko dai ya rabu da matarsa kafin a buɗe ƙofa ga yara baɗi, ko ta mallaka wa 'ya'yan ƙanwarsa da ke birni, waɗanda ba su san gaban doki da bayansa ba. Marnie tana wanke-wanke, ta ji komai. Ta tsayar da hannunta cikin ruwan kumfa tana jiran ta ji amsar mijinta. Abin da ta ji kawai shi ne ƙarar takalminsa yana fita.

Ranar yaye ta zo. Aka kora uwaye hayin rafi, aka bar duƙusai su kaɗai. Suka yi ta zagaye shinge a guje suna kuka, babu wanda zai ce musu duniya ba ta tashi ba. Kafin rana ta faɗi, wanda ya fi duka kyau, wani ɗan bidi mai roɗi-roɗi da Odessa take alfahari da shi tun ranar haihuwarsa, ya afka wa waya mai ƙaya da ƙirji. Ya karya ƙafa, waya ta yanke masa jijiya. Royce ne ya ɗauko bindiga ya hutar da shi.

Ka ce tsohuwa za ta yi nadama? Ashe ba ka san Odessa ba. Cewa ta yi Marnie ce ta bar ƙofa a sake, kuma farar ƙafa ba a mota take zuwa ba, aure ke kawo ta.

Sanyi ya sauko, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Odessa ta sallami ma'aikata kamar kowace shekara, amma bana aikin fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da safe ta ɗora wa Marnie, tunda, a cewarta, ba ta da goyon da zai hana ta fita. Hannayen Marnie suka tsattsage har suna jini. Ranar Kirsimeti ƙanwar Royce ta zo da yaranta, aka jeru za a ɗauki hoto, tsohuwa ta miƙa wa Marnie na'urar.

"Ke ɗauke mu. Hoton jini ne."

Ta ɗauka, har ta ce su yi murmushi.

Da suka koma ɗaki Royce ya kama hannunta yana shafa mata mai, yana ba ta haƙuri, yana cewa tsufa ne, za ta sauko.

"Ba ita ke ba ni ciwo ba, Royce," in ji Marnie. "Ita ba ta taɓa cewa tana sona ba."

Yayarta ta yi ta bugo waya daga garin Pueblo tana cewa ta tattara ta dawo gida, mutum ba ya zama inda ake kwatanta shi da dabba. Marnie ta ce za ta tsaya har ranar buɗe ƙofa. Ta yi wa wasu yara alkawarin za su tarar da ita, kuma tana so ta ga da idonta ko mijinta yana da baki.

Ƙanƙara ta narke, goɗiyoyi suka haihu, aka yi wa ɗakuna fenti, aka buga wa dawaki takalma. Ana saura kwanaki kaɗan Odessa ta sanar cewa ta ɗauko wata 'yar jami'a za ta riƙe ɗakin ƙanana. Marnie kuma ta koma bayan kicin, wajen tukwane, har ta gama haɗa kayanta.

Ranar buɗe ƙofa motoci suka cika fili. Iyaye suka sauke jakunkuna, suka rungumi 'ya'yansu, suka juya. Odessa ta kama igiyar babbar ƙararrawar da ake bugawa sau ɗaya a farkon kowane hutu, ta girgiza ta har duwatsu suka amsa. Ƙarar na tsayawa, ƙananan suka ga ƙurar motocin iyayensu tana nisa, sai kuka ya ɓarke. 'Yar jami'a ta tafa hannu, ta rera waƙa, ta fito da alewa. Ina! Wasu suka kwanta a ƙasa suna birgima, waɗanda suka zo bara suna ta tambaya ina Anti Marnie, ina Tilly. Marnie tana jin su daga bayan kicin, tana goge tukunya ɗaya da ta daɗe da fita.

Ana cikin haka sai ga wata baƙar goɗiya ta gangaro daga tudu, ƙirjinta da karce-karcen shinge, laka har gwiwa. Ba ta gudu, ba ta waige. Ta ratsa tsakanin mutane ta je turken da take tsayawa kowace shekara, ta tsaya tana jiran sirdi.

Odessa ta dubi goɗiya, ta dubi ɗanta. Royce ya cire hula. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau ya zo ƙarshensa. Ashe bai kai ta gwanjo ba. Wajen wani abokinsa a bayan tudu ya ɓoye ta, ya kasa sayarwa, ya kasa dawo da ita ko ranar yaye, ya kasa gaya wa matarsa don kar fuskarta ta tona shi. Tilly kuwa ta ji ƙararrawa, ta san lokacin aiki ya yi.

"Ni ka yi wa wasa da hankali?" in ji tsohuwa. "To ita da uwar ɗakinta su fice mini daga gona, yanzu, a gaban kowa."

Marnie ta fito tana goge hannu a jikin siket. Ba ta kalli Odessa ba. Royce ta kalla, kallo ɗaya, wanda ya ƙunshi duk safiyar da ta yi kuka a kan ƙanƙara. Sannan ta sa wa Tilly ragama ta nufi ƙofa.

Wata 'yar ƙarama mai giɓi ce ta fara tashi, ta ruga ta kama gefen rigarta. Wani ya kama rigar mai giɓi. Kafin su kai rabin fili ɗakin ƙanana gaba ɗaya yana biye da su, kuka ya tsaya cak, sai jan majina. Manyan yara suka ga haka suka bi ayari. A cikin shinge dawakin da Tilly ta taɓa raino suka ɗago kai, suka taho suna bin danga gefe da gefe suna haniniya.

Royce ya mayar da hularsa.

"Mama, ki ba wa wanda kike so gonar. Ni na riga na yi asarar ɗan bidi saboda tsoronki. Ba zan ƙara da matata ba."

Ya bi su. Odessa ta waiga hagu, ta waiga dama. Daga ita sai igiyar ƙararrawa, sai 'yar jami'a da ledar alewa. Duk wani yaro a gonar, mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, ya bi juya biyun da ta kora. A nan ne ɗan bidi ya faɗo mata a rai, kwance cikin waya, kuma karon farko ta yarda a zuciyarta cewa ita ce ta yi sanadin mutuwarsa.

Ta dogara sanda ta bi su tana ɗingishi, har ta cim musu a bakin ƙofa.

"Marnie." Tun ranar ɗaurin aure ba ta kira sunan ba. "Yaran nan ba su ci abinci ba."

"Na sani, Mama."

"Ki dawo da su. Ki dawo, 'yata. Ni ce na bar ƙofa a sake, ba ke ba."

Marnie ta tsare ta da ido har sai da tsohuwa ta sunkuyar da kai a gaban yara. Sannan ta juya Tilly, ayari ya juya tare da ita.

Ciki dai bai zo ba, har yau. Amma da aka gyara takardun gona, sunan Marnie aka fara rubutawa kafin na mijinta, kuma ba a sake ɗora Tilly a tirela ba har ta mutu a kan ciyawar gidan. Shi kuwa Royce an yafe masa, sai dai sanyin da ya biyo baya shi ya fasa ƙanƙara kowace safiya, Marnie tana kallonsa ta taga da kofi a hannu.

Mahaƙurci mawadaci. Haihuwa kyauta ce, Allah yana ba wanda ya so, amma uwa ita ce wadda yaro ya daina kuka in ya gan ta. Kai kuma namiji, in ana cin mutuncin matarka a gabanka, ka sani shirunka ma duka ne.