Kajijin Cikin Kurmi

A can zamanin da, a wani ƙauye na bakin kogi, an yi wata mace mai haɗa turaren wuta. Turarenta yana da ƙamshi, amma na ƙanwarta ya fi shi. In za a yi biki, gidan ƙanwar ake zuwa saye. Abin yana cin yayar a rai.

Rannan sai ta bi ƙanwar a ɓoye har cikin kurmi. Can ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ƙasa ba ta bushewa, ta ga wani irin kajiji da ba ya fitowa ko'ina sai nan. Ƙanwar ta tona kaɗan, ta mayar da sauran saiwar cikin laka, ta danne da ƙafa, ta tafi.

Yayar ta ce, "Ashe nan ne!"

Ta tona, ta tona, ba ta bar ko tushe ɗaya ba. Ta kai bayan ɗakinta ta dasa. Ta ba shi ruwa safe da yamma, amma babu inuwa, rana ta ƙone shi.

Da ƙanwar ta ji labari, ta zo ta tsaya a kan busassun ganyen. Ta ce, "Haba Yaya! Da kin tambaye ni, ai da na kai ki. Ya ishe mu mu biyu."

Yayar ta ce, "Yanzu dai naki bai fi nawa ba."

Bai fi ba kuwa. Kurmin yana nan har yau, amma ba a ƙara jin wannan ƙamshi a ƙauyen ba.