Wadda Ta Zauna a Kujerar Maryamu

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai leƙen abin da ke hannun wani. A yaba wa ɗan'uwanku, ku kwana kuna jin haushi. To ku zauna ku ji abin da ya sami Hajara ta Unguwar Shanu a Kaduna, ko kwa shiga taitayinku.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ne. Gwaggo Magajiya mai sayar da atamfa ta kwanta ciwon ƙafa, ba halin ta je Kwatano, can ƙasar Dahome, saro kaya yadda ta saba. Sai ta tura mutum biyu. Ɗaya Hajara, 'yar ƙanenta, wadda ta shekara tara tana yi mata tallan turame gida-gida. Ɗaya Maryamu, mai ɗinki a Doka, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda ta yi makaranta. A gaban Hajara Gwaggo ta miƙa wa Maryamu takardar sunayen dilolin da take saro kaya a wurinsu, ta ce, "Ke za ki zaɓi zane, idonki ya fi." Hajara ta yi murmushi. Amma ta ƙullaci abin a ranta.

Suka hau doguwar bas ta wani direba Lawal, kujerarsu ɗaya, Maryamu ta gefen taga. Hanya ta ba su wuya. Taya ta fashe kafin Yawuri, ruwan sama ya jiƙa su ta rufi, jandarmomi, 'yan sandan can, suka zazzage kayan kowa a bakin gadar Gaya. Amma duk inda aka kawo takardar cikewa, Maryamu ce ke cike wa mutane. Nan da nan ta zama 'yar lelen mota. Wannan ya ba ta goro, wancan kilishi. Ita kuma sai ta raba biyu ta ce, "Yaya Hajara, ga naki." Hajara ta karɓa ta cusa a jaka, ba ta ci ba.

A irin wannan tafiya ba a ƙirga kawuna. Wanda kuka zauna tare amanarka ne har a sauka. In an tsaya za a tashi, direba ya tambaya, kowa ya amsa da bakinsa cewa nasa na nan. A kan wannan shaidar ake tayar da mota.

Rana ta biyu, bayan sun wuce Kandi, Lawal ya tsaya a bakin daji don sallar magariba. Babu gari, babu bukka, sai dogayen itatuwa. Maryamu ta yaye zanen da take lulluɓa da shi ta ajiye a kujera.

"Yaya, cikina ya juya, zan ɗan kewaya. Kada fa ki bari a tafi a bar miki ni a hannun Faransa."

Ta yi dariya ta sauka. Da yake maza na alwala a kusa, sai ta yi nisa cikin ciyawa.

Hajara ta idar da salla ta dawo. Kujera babu kowa. Jakar Maryamu na ƙasa, takardar Gwaggo a ciki. Zuciyarta ta ce mata, kwana ɗaya ne, wata motar za ta kawo ta, kafin nan ke kin ga diloli kin zaɓi kayanki. Sai ta ɗora jakar a kujera, ta jingina ta da taga, ta rufe ta da zanen.

Lawal ya waiwayo. "Kowa nasa na nan?"

Aka amsa layi-layi.

"Hajara, 'yar bokonmu fa?"

"Tana nan. Barci take."

Mota ta tashi.

Almuru ya rufa. Fitilar cikin motar dama ba ta aiki. Ba a jin komai sai kukan inji. Can Hajara ta ji Lawal yana gunaguni shi kaɗai, wai motar ta yi nauyi, ta kuma karkata gefe guda.

Sai wari ya taso. Warin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar toka. Daga gefenta yake fitowa.

Ta saci kallo. Zanen yana ɗagawa, yana sauka. A hankali. Kamar mai barci.

Ta ce iska ce. Tagar kuwa a rufe take.

Kujerar ta yi ƙara. Abin ya bar jikin taga, ya juyo, ya kwantar da kai a kafaɗarta ta hagu. Sanyi kamar randa. Nauyi kamar dutsen niƙa.

"Yaya Hajara."

Muryar Maryamu ce, amma kamar daga ƙasan rijiya.

"Kin ce ina nan. Ga ni."

Hajara ta nemi addu'a a bakinta, ko ɗaya ba ta zo ba.

"Wuri babu mai shi, kika ba da shaida. Na gode."

Hannu ya fito ta ƙarƙashin zanen. Yatsun dogaye, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Suka zagaye damtsenta sau biyu. Suka matse.

"A ina gidanmu yake, Yaya? Faɗa mini unguwar."

Ta ji sunan Unguwar Shanu yana hawowa bakinta da kansa. Ta tuna 'ya'yanta biyu da ta bari a tsakar gida.

Ta cije leɓe har jini ya fito. Sannan ta kurma ihu.

"Ba ita ba ce! Na baro ta a daji! Ƙarya na yi!"

Lawal ya taka birki, mutane suka zube a kan juna. Wani ya haska tocila, wani ya fizge zanen. Jaka ce kawai, jiƙe sharkaf, ganye manne a jikinta. Kujerar ta lotsa kamar ƙaton mutum ya tashi daga kai.

Lawal bai zage ta ba. Ya juya mota. Suka tarar da Maryamu a tsakiyar titi, takalmi ɗaya, ƙafafu duk ƙaya, tana tafe tana waƙar cocinsu. Mata suka rungume ta suna kuka. Ba ta ko kalli Hajara ba. Aka yi mata wuri a gaba kusa da direba, kuma har Kwatano, har dawowa, babu wanda ya yarda ya zauna kusa da Hajara.

Labari ya riga ta isowa Kaduna. Gwaggo Magajiya ta damƙa wa Maryamu cinikin duka, ta hana Hajara taka mata ƙofa. Direbobin tasha suka daina ɗaukarta, ko zuwa Zariya ne. Hannun hagun kuwa bai sake ɗaguwa ba. Ya shanye ya koma kamar kara, da baƙin zobe biyu a damtse. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti, a banza.

Hajara ta yi shekara ashirin da wani abu a duniya bayan haka. Kullum aka kira magariba sai ta matsa dama a kan tabarma, ta bar wuri a hagunta, kafaɗar ta sunkuya ƙasa. 'Ya'yan da ta haifa ma sai dai su gaishe ta daga bakin ƙofa.