Kyanwar da Ta Lashe Littafin Zogale

A wani gari can, tun littafi yana wuyar samu, an yi wani mai ɗab'i da ba ya buga komai sai ƙananan littattafan kiwon lafiya. Kowane shafi magana ɗaya ce: "Ku ci ganye, ku bar nama." Mai ciwon kai, zogale. Mai ciwon ciki, zogale.

Amma aljihunsa ba ya rabuwa da kilishi. Ya yago, ya tauna, ya jera takarda. Ya yago, ya tauna, ya jera takarda.

Ranar kasuwa yana cikin yi wa jama'a bayanin ganye, sai ga wata tsohuwa riƙe da littafinsa duk ya jiƙe, kyanwarta na biye da ita.

Ya ce, "Iya, kin karanta kuwa?"

Ta ce, "Ɗan nan, ina na iya karatu? Kyanwata ce ta lashe shi shafi-shafi. Na ba ta zogale ta ƙi. Me ka sa a ciki?"

Kafin ya buɗe baki, kyanwa ta daka tsalle, ta cusa kai a aljihunsa, ta fito da kilishi.

Tsohuwa ta ce, "Af! Ashe sauran littafin yana aljihu."