Dutsen Kunkuru Ya Ɓace

Da safiyar wata Litinin a 1993 aka kira Insfekta Maharazu zuwa wani lambun Japanawa a yammacin London. Wai an sace dutse. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Jane, shugabar lambun, ba ta ga abin dariya ba. A nan, in ji ta, farar tsakuwa teku ce, layukan da ake ja a kanta igiyar ruwa ce, dutsen da ya ɓace kuma kunkuru ne, alamar tsawon rai. Daga Japan aka kawo shi. In bai dawo ba kafin manyan baƙi su zo gobe, za a kori Gariba mai kula da wurin, ɗan zangon Kumasi.

Maharazu ya tsuguna. Babu sawun kowa, layukan ma babu. An share tsakuwar tas, ga zanen tsintsiya irin na sharar tsakar gida. Shi dai bai taɓa ganin ɓarawon London mai shara ba.

"Gariba, wa ya shigo jiya bayan an rufe?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"To wa ya yi sharar nan?"

"Ni... ni ne."

"Kullum kai ke jan layukan, jiya kuma ka share su?"

Gariba ya sunkuyar da kai.

Maharazu ya tasa shi gaba, suka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa gidan Gariba a Barking. Tun daga matakala ƙamshin daddawa ya tare su, ga wata ƙara na tashi, gurr, gurr. A kicin suka tarar da Amamata, mahaifiyar Gariba da ta zo hutu, ta durƙusa tana niƙa barkono a kan bayan kunkurun.

"Iya, ina kika samo dutsen nan?" in ji Maharazu.

"A wurin aikin ɗana. Yana yashe a ƙasa, ba mai shi. Blender ɗinsu kashe miya yake! Na sa shi a keken cefane. Har fili na share musu, duk an yakushe shi."

Maharazu ya juya baya don ya danne dariya.

"Iya, sai ki biyo mu, ke da dutsen."

"To, amma ku ci tuwo tukuna."

Suka ci, har da ƙari. Sannan Maharazu ya riƙe hannunta suka sauko, Gariba na biye da keken.

Da Jane ta ji bayani, ta yi dariya har da hawaye, maganar kora ta mutu nan take. Daɗi ya kama Gariba, ya ja layukansa yana waƙa.

Washegari wani baƙo ya duƙa kusa da kunkurun, ya yi atishawa sau uku, ya tambaya ko duk duwatsun Japan haka suke da yaji.