Sunan Idrisa a Kan Teku

Wata Laraba ce cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke sa kwalta ta yi taushi, wata budurwa ta tsaya a gaban rumfar Mahfuzu da ke bakin babbar kasuwa, ta ajiye waya a kan teburinsa, ta gaishe shi da Fillanci.

"Jam na? Ekran ɗin ne ya fashe, gilashin gaban nan. Don Allah kada a goge mini komai."

Mahfuzu ya ɗago kai ya dube ta. Doguwa ce, baƙa, da mayafi ruwan toka, tana dogare da sandar ƙarfe a hannun hagu. Ya yi sauri ya jawo mata benci.

Shi Mahfuzu mai gyaran waya ne, ɗan marigayi Alhaji Taufiƙ mai atamfa, wanda kakanninsa suka zo daga Kano da fatauci suka zauna. Ba mai yawan magana ba ne. Ya sunkuya ya yi aikinsa, ya sa sabon gilashi, ya kunna wayar. Bidiyon da take kallo kafin wayar ta faɗi ya ci gaba daga inda ya tsaya: ruwa shuɗi har iyakar gani, ƙaramin farin jirgi, wata Baturiya tana jan igiya tana dariya.

"Laetitia ce wannan," ya ce, bai san ya faɗa ba. "Ke ma kina kallon su?"

"Ka san su?"

"Duk Lahadi. Ita da mijinta Jonas. Shekara biyar ke nan da suka bar gida suka koma cikin jirgi."

"Shida," ta gyara masa. "Ka manta shekarar da suka yi suna gyaran shi."

Suka yi dariya tare. Ta ce sunanta Nasiha, a unguwar Yalwa take. Ta ce moto ce, wato babur, ta kayar da ita a hanyar Ngong, ta yi wata takwas a kwance tana kallon bango ɗaya.

"Su ne suka riƙa fitar da ni daga ɗakin nan," ta ce. "Kai fa, me ya haɗa ka da teku?"

Ya miƙa mata wayar. "Ni ma haka kawai."

Kafin sati ya zagayo, saƙonni sun fara kai da kawo. Ita ce ta sa masa suna Kapiten, wato shugaban jirgi.

"Kapiten, ka ga na yau? Tukunyar shinkafarsu ta kife, Jonas yana kwashewa da cokali. Da kai ne da ka yi fushi."

"Da ni ne da na ce ki sake dafa wata, Sanyin idona."

"A cikin wannan igiyar ruwan? Sai dai ka ci gari da sukari."

Ya fara zuwa zance gidansu bayan la'asar. Mahaifinta, Malam Hamadu, mahauci ne, mutum mai fara'a da manyan hannaye. Yakan amsa gaisuwar Mahfuzu ya ce a kawo masa ruwa mai sanyi.

Sai da suka yi wata biyu kafin ya gaya mata gaskiya. Sun je tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Binuwai, inda babu sauran jirgi sai kwale-kwalen masu ɗiban yashi. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ina da wa, Idrisa," ya ce. "Shi ya koya mini gyaran waya. Shekara huɗu ke nan ya bi ta sahara ya kai Tunisiya. Saƙonsa na ƙarshe daga bakin teku ya turo, kusa da Sfax. Ya ce in gaya wa Dada, mahaifiyarmu, gobe war haka yana Italiya. Bayan kwana tara wani abokin tafiyarsa ya kira, ya ce jirginsu ya kife. Ba a ga gawarsa ba. Salla kawai muka yi masa, babu makara, babu kabari."

Ya juyo ya dube ta, ya ci gaba.

"Ina kallon su Jonas ne don in ga abin da ya gani na ƙarshe. Ita kuwa Dada, ko a talabijin aka nuno teku, tashi take ta bar wurin. Ta ce ba ta san inda za ta juya fuskarta ba in tana yi masa addu'a."

Nasiha ta ja gefen mayafinta ta rufe ido. Can ta tambaye shi sunan garin kuma, ya maimaita mata.

Abin da ya raba su ƙaramin abu ne. Wata safiya yana karin kumallo a tsakar gida, ya danna saƙon muryarta, bai lura mahaifiyarsa na bayansa ba. Muryar Nasiha ta fito da dariya.

"Kapiten, wata rana sai mun ga teku da idonmu, ni da kai. Ka yi mini alkawari."

Dada Hindu ta zauna a ƙasa, inda take tsaye.

"Teku?" ta ce. "Mahfuzu, teku ta ce?"

"Dada, wasa ne. Bakin tekun Kribi take nufi, nan cikin ƙasarmu."

"Shi ma da wasa ya fara. Da hotuna a waya ya fara." Ta ɗaga masa yatsu biyu. "Biyu na haifa. Ɗaya ruwa ya ci. In ka bi yarinyar nan, ka fara haƙa mini kabari tukuna."

Da yamma Bappa, ƙanin mahaifinsa, ya zo ya ƙara nasa. Ya ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa haɗa jini da mahauta ba, ba kuma za a fara a kansa ba. Maganar Bappa ba ta dami Mahfuzu ba. Abin da ya karya shi, kwana uku Dada ba ta sa komai a bakinta ba.

A rana ta huɗu ya rubuta:

"Nasiha, ki yafe mini. Ba zan iya ci gaba da zuwa ba. Laifin ba naki ba ne."

Amsar ta zo bayan azahar.

"Na gane. Ba kai ne na farko da ya dubi ƙafata ya sake tunani ba. Allah ya haɗa ka da mai lafiya."

Ya rubuta mata amsa ya fi sau goma yana gogewa. Ta yaya zai kai ƙarar mahaifiyarsa wajen budurwa? Ya bar ta da zaton da ta yi, ya san kuma zaton yana cin ta.

Damina ta sauka, Binuwai ya cika ya haura gonakin bakin gada. Mahfuzu ya rame. Ya daina kallon su Jonas, don ko farin jirgin ya gani, muryarta yake ji. A kasuwa ya ji ana cewa Muhaimin, wani matashin dillalin shanu daga Meiganga, yana neman ta. Rannan ya bi ta Yalwa da gangan, ya ga motar Muhaimin a ƙofar gidansu, an shimfiɗa masa tabarma a inda shi yake zama. Ya juya babur ɗinsa, bai san ta inda ya bi ya koma rumfa ba.

Wata huɗu babu ko gaisuwa. Sai ranar wata Lahadi cikin Satumba saƙo ya shigo daga lambarta. Bidiyo ne, da layi ɗaya a ƙasa.

"Minti na sha huɗu. Ba don ni ba, don Dada."

Ya danna. Laetitia ce zaune a bayan jirgi, da takarda a hannunta, ba ta dariya. Cikin Faransanci ta ce akwai wata yarinya a Garwa, arewacin Kamaru, da ta rubuto musu sau goma sha ɗaya tun watan Mayu har zuwa watan jiya. Ta ba su labarin wata uwa da ɗanta ya nutse a wannan ruwan, ba ta taɓa ganin inda yake kwance ba. Ta roƙe su in hanya ta biyo da su, su tsaya. Kada su sa kiɗa, kada su jefa fure. Su nuna ruwan kawai, su faɗi sunansa.

"Mun karkata hanyarmu ta kwana biyu," in ji Laetitia. "Ba mu san ainihin wurin ba, amma nan kusa ne."

Jonas ya sauke farin ƙyallen da iska ke turawa. Jirgin ya tsaya. Laetitia ta dubi takardar, ta faɗi sunan a hankali, kamar mai tsoron kada ta ɓata shi.

"Idrisa Taufiƙ, ɗan Garwa."

Daga nan babu magana. Ruwa ne kawai, yana motsi kaɗan-kaɗan, rana na haskawa a kansa.

Mahfuzu ya kifa kansa a kan teburin, tsakanin wayoyin mutane, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kira shi.

Ya sami Dada a kan sallaya bayan la'asar. Ya durƙusa a gabanta.

"Dada, zan nuna miki abin da ba kya son gani. Ki yi haƙuri ki kalla sau ɗaya. In kin ce in goge, zan goge."

Da ta ga ruwan ta kawar da kai. Amma sai ta ji sunan. Ba ta jin Faransanci, sunan ɗanta kuwa ko a bakin wa ya fito ta san shi. Ta juyo, ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Nan ne?"

"Nan kusa ne, Dada."

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa gilashin.

"Shekara huɗu ina mafarkin sa cikin duhu da ihu," ta ce. "Ashe wurin shiru ne. Ashe har rana na fitowa a kansa."

Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, hawaye na bin kumatunta, Mahfuzu na amsawa da amin. Da ta shafa, ta ce ya mayar mata farko. Sau huɗu ta kalla.

"Wa ya sa Turawan nan suka yi wannan?"

"Yarinyar da kika hana ni ce. Rabin wasiƙun ma bayan na rabu da ita ta rubuta su."

Dada ta miƙa masa wayar. Can ta ce, "Ɗauko mini mayafina."

Ita da kanta ta shiga gidan Malam Hamadu, Mahfuzu ya tsaya a waje kamar baƙo. Bai ji abin da aka faɗa a ciki ba. Da Malam Hamadu ya fito, babu fara'ar nan a fuskarsa.

"Muhaimin ya nema, na tambaye ta, ta ce a'a, na ba shi haƙuri," ya ce. "Amma na ji abin da aka faɗa a gidanku kan sana'ata. Da wuƙar nan na raini yarinyar da uwarka ke kuka a kafaɗarta yanzu. In bappanka yana so, ya zo da ƙafarsa."

Sai da Dada ta yi sati biyu tana kai da kawo kafin Bappa ya sauko. Ya zo da goro, ya zauna a tabarmar mahauci, ya nemi afuwa.

Nasiha ta fi kowa wuya. Ranar da ta yarda ta fito zaure, ba ta dube shi ba.

"Wata huɗu ina tsanar ƙafata saboda kai," ta ce. "Na daina fita. Kalma ɗaya ta ishe ka ka ce mini ba ita ba ce."

"Na sani. Na tsaya kare Dada, na bar ki ke kaɗai da ciwon. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

"Ban rubuta musu don ka dawo ba."

"Na san wannan ma. Shi ya sa nake jin kunyar roƙon ki. Amma ina roƙo, Sanyin idona."

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.

"In wani abu ya sake faruwa, ka faɗa mini. Ko mai ɗaci ne."

"Na yi alkawari."

"To ka gyara zama, Kapiten. Ka rame kamar ba a ba ka abinci."

An ɗaura aure ranar wata Juma'a cikin Nuwamba. Da safe Dada ta kira Mahfuzu ɗakinta, ta buɗe akwati, ta fito da babbar riga ta farar shadda da ba a taɓa sawa ba. Ta ce ta Idrisa ce, ta ɗinka masa ita tun kafin ya tafi, don ranar aurensa. Mahfuzu ya sa. Ta yi masa tsawo kaɗan, don Idrisa ya fi shi tsayi. Dada ta gyara masa kafaɗa, ta juya baya da sauri.

Kafin magariba aka kawo amarya. Dada ba ta jira a shigo da ita ba, ta tare ta tun daga ƙofar gida, ta karɓi sandar ta miƙa wa wata, ta ba ta kafaɗarta ta dafa. Haka suka ratsa tsakar gida a hankali, mata na guɗa, har bakin ɗaki. Nan ta kama hannun Nasiha ta sa cikin na Mahfuzu.

"Na so in raba ku saboda tsoro, ku yafe mini," ta ce. "Allah ya ji ƙan wanda ba ya nan. Ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa ku ne za ku rufe mini ido. 'Yata, shiga. Gidanki ne."

Duk tsakar gidan ya amsa da amin.