Mai Fito da Gawar Baffa

Da hantsi aka tsinci gawar Baffa cikin ciyawar bakin kogi, ƙasa da tsamiyar Ba'awa, ƙeyarsa a fashe. Kafin Sufeto Lurwanu ya iso kan kekensa, 'yan doka sun ɗaure Hamman mai fito, wanda ya tsallako da mamacin bisa gora, ƙaton duman fito, jiya. In laifin ya tabbata, rataya ce makomarsa.

Mai shaida ɗaya ne, Shitu, ƙanen mamacin.

"Ranka ya daɗe, ina tsaye gindin tsamiyar nan, saitin mashigi. A tsakiyar ruwa ya kwaɗa wa Yaya dutse, ya fito gabana shi kaɗai."

"Gabanka? Miƙe ya taho?"

"Kamar an ja zare."

Hamman kuwa don tsoro sai rantsuwa kawai yake yi, abin tausayi.

Sufeto ba ya sayen magana a buhu. Ya jefa kara cikin ruwan, wanda bai ragu ba tun jiya, yana duban agogo. Ya sa aka kwance Hamman ya yi fito, nan ma ya duba. Sannan ya durƙusa ya zana alwatika a yashi, yadda aka koya masa a makarantar Midil.

"Gudu biyu ne a jikin mai fito," in ji shi. "Nasa na tsallakawa, na ruwa na gangarawa, kuma kusan daidai suke. Dole hanyarsa ta karkace. Kafin ya taɓa gaɓa, ya gangara kwatankwacin faɗin kogin."

Suka bi gaɓa gwargwadon hakan, sai ga su inda aka ɗauki gawar. Cikin laka wani ɗan doka ya zaro ƙotar fartanya, jini ya bushe a gindinta.

Sufeto ya ce, "Da damina ba mai fita daga ruwa a tsamiya, Shitu. Ka san haka, shi ya sa nan ka laɓe. Fartanyar wa ce?"

Shitu ya dubi ƙotar.

"Tawa ce. Fadamar babanmu ya hana ni. Na jira Hamman ya juya, sannan..."

Aka buga masa ankwa. Kurkuku yana tsallake, mai fito kuma ɗaya ne a garin. Hamman ya jawo gorarsa, shatin igiya a hannunsa, ya dubi Shitu, mutumin da ya so a rataye shi.

"Kwanta sosai, kada ka motsa," ya ce. "Ni ban taɓa sakin mutum a ruwa ba."