Roda Ba Ta Cikin Allo

Ranar da Obed ya fara ganin Roda, hannayenta fari fat suke da alli, har da ɗigo ɗaya a kan hancinta, ita kuwa ba ta ma sani ba.

Washegarin Kirsimeti ne, a gidan Malam Buwai, tsohon hedimasta, a wani ƙauye kusa da Bagwai inda gona ke manne da gona, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Gidan nan yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Duk ƙarshen shekara sai a fito da baƙin allo irin na aji a jingina shi jikin rumbu, an zana masa gidaje kamar na dara, wasu layuka a kwance wasu a tsaye. Malam ke tsara tambayoyin, amsoshin kuwa labarin dangi ne na shekarar: wa ta haihu, wa ya gama makaranta, san noman wa ya karye a huɗa. Wanda ya canka sai ya tashi ya cike gidajen harafi bayan harafi. Abin da bai shiga allo ba kuwa, a wurin mutanen nan, kamar bai faru ba ne.

Tun da idanun Malam suka mutu, Roda autarsa ce ke zanawa, ita ke karantawa. Ita ce kuma mai girki, mai wanki, mai riƙe hannunsa zuwa coci, don mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta duk sun watse birni. Ko sunanta Malam ya daina kira, sai dai "Idona".

Obed abokin yayanta Abel ne, ɗan Tofa, mai gyaran injin ban ruwa a bakin dam. Cin shinkafa kawai ya zo yi. Da aka cike allo aka watse, sai ya tsaya gabansa yana bin layuka da yatsa.

"Malam, ka ɓatar da wani abu ne?" in ji Roda.

"Sunanki nake nema. Na ga na jarirai, na ga na san noma, ban ga na mai allin ba."

"Ni ba ni da labari," ta ce tana tattara guntayen alli. "Yadda nake bara haka nake bana."

"To bana dai kina da alli a hanci. A fara da wannan."

Ta goge da sauri, ta ƙara shafa wani. Dariyar da ta kufce mata har sai da Malam ya juyo da kansa daga kan kujera, don ya manta rabon da ya ji ta.

Daga ranar sai injinan ƙauyen suka shiga lalacewa ba ji ba gani, ko kuma dai haka Obed ke faɗa. Kullum babur ɗinsa na hanya. In bai zo ba, saƙonsa zai zo.

"'Yar Alli, tambaya ta ɗaya a kwance: wace ce ta sa bakanike ya ɗaura fanka a baibai yau, mai inji ya kore shi?"

Ta amsa: "Ban san ta ba, amma ka gaishe ta. Ka ci abinci kuwa, Obe?"

"Na ci, amma bai zauna ba. Sai na ji muryarki."

Takan karanta a bayan rumbu, ta goge hawayen da ba ta san dalilinsu ba. Sai ta ji "Idona, ina kika shiga?" ta cusa wayar a zani ta ruga. Iyakar duniyarta ke nan: madafa, rijiya, coci, kujerar Baba. Tana son mahaifinta har ranta, kuma wannan son ne ya zame mata ƙofar da ba ta buɗuwa.

Da kaka ta yi, Obed ya sa wankakkiyar riga ya zo ya durƙusa gaban Malam, ya faɗi abin da ke ransa.

Malam ya daɗe yana murza kan sandarsa. "Gonar mahaifinka, ku nawa za ku raba?"

"Muna da yawa, Baba. Amma ina da sana'a."

"Sana'a ciwon hannu ɗaya ke tsayar da ita. Ban raini 'ya don ta je ta sayi dawa a mudu ba. Ka gaida gida."

Roda na bayan zana tana ji. Ta san ba gona ba ce. Ta ga yadda hannun Baba ke lalubar inda take tsayawa kullum, tun kafin ƙarar babur ta ɓace. Wa zai ɗebo masa ruwan wanka? Wa zai gaya masa ga tudu, ga rami? Ta kawo masa kununsa, ta sa masa ludayi a hannu.

Da yamma ta rubuta: "Obe, ka yi haƙuri da ni. Ba zan iya tsallake Baba in tafi ba, kai ma bai kamata ka tsufa kana jira ba. Ka nemi wata."

Ya amsa: "Na ji. Zan nemi wata hanya. Wata mace kuwa, a'a."

Amma sai zuwansa ya ɗauke, saƙo ya ragu. Ita ta ce ya tafi, ita ce kuma ke zabura duk lokacin da babur ya wuce.

Watan Disamba na kamawa, dangi suka fara bugo waya da labaransu, kowa na so a sa nasa a layi mai tsawo. A cikinsu har da Inna Nana, matar Baffa Maikuɗi ƙanin Malam, da ke zaune a Rijiyar Zaki, cikin Kano. Inna Nana kuwa mace ce da labari ba ya kwana a bakinta.

"Roda, buɗe kunne. Manyan yaron nan Obed sun zo daga Tofa da goronsu, sun shige zaure da Baffanki. Shi dai ya ƙi gaya mini komai, kin san halinsa, to amma 'ya nawa gare mu a gidan? Joyce ce. Dama tun bara take maganarsa. A sa mana a tsakiyar allo."

Joyce 'yar jami'a, mai fara'a, wadda babu abin da ya ɗaure ƙafarta. Roda ta ajiye wayar. Ba a jima ba sai ga saƙon Obed:

"'Yar Alli, manyana sun je gidan Baffa Maikuɗi. Ki taya ni da addu'a."

Addu'a kuma? Ta rubuta: "Allah ya sanya alheri. Don Allah kada ka ƙara kirana." Ta toshe lambarsa.

Ka'ida ce ta karanta wa Malam duk labarin da ya shigo, don haka ta zauna gabansa ta jero su. Da ta zo kan na Joyce, muryarta ba ta ko girgiza ba, don ta yi ta gwadawa a madafa.

Malam ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Can ya ce, "Zana gidajen."

Ta zana. Ba ta taɓa sanin alli na da nauyi ba sai ran nan. Sau biyu yana karyewa a hannunta, kuma duk karyewar sai ta ga kafaɗar Baba ta motsa. A kwanakin da suka biyo ya rage cin abinci, ya daina kiranta in zai zaga, sai ya bi jikin katanga da sanda shi kaɗai, yana tuntuɓe da turmi. Ta zaci jikinsa ne, har ta jiƙa masa magani.

Ranar allo gida ya cika maƙil. Jikoki a kan tabarma, mata a gindin darbejiya, Malam a kujerarsa. Sai ga Abel ya shigo, Obed na biye da shi, ya rame, ya tsaya can bakin zaure. Roda ta kau da kai. Wato har sai ya zo ya ji da kunnensa.

Aka fara. An canki sunan jaririn Furera, an canki garin da aka tura Iliyasu bautar ƙasa, ana ta shewa. Layin tsakiya ya rage. Roda ta karanta:

"A kwance: wadda manyan Tofa suka kai goro dominta."

Inna Nana ta rangaɗa guɗa tun ba a amsa ba. "Joyce, tashi ki rubuta da hannunki."

Joyce ta miƙe tana rufe fuska da gyale. Sai Baffa Maikuɗi, wanda yakan yini bai yi magana goma ba, ya ajiye kofinsa.

"Wace Joyce? Ke Nana, wa ya aike ki? A gidanmu wurin ƙanin uba ake neman aure, ko yau kika zo? Roda suka zo nema. Washegari na zo na gaya wa Yaya, ya ce in yi shiru tukuna."

Allin ya suɓuce daga hannun Roda. Ta dubi Obed, ta ga idanunsa sun kaɗa, sannan ta dubi mahaifinta. Ashe ya sani. Yana ji tana zana gidajen nan, ya sani. Baƙin ciki da tausayi suka haɗu suka cushe mata a ƙirji, ta rasa wanda za ta fara ji.

Malam Buwai ya dogara sanda ya miƙe. Kamar yadda ta saba, Roda ta taho za ta kama hannunsa.

"Tsaya inda kike," ya ce.

Shi kaɗai ya taho, a hankali, sanda na gaba yana biye. Ya kauce wa turmi, ya shafa jikin rumbu, ya kai ga allo. Ya miƙa tafin hannu, Abel ya tsinci allin ya sa masa.

"Ba gona ba ce," ya ce, fuskarsa na wajen allo. "Yaron nan ba shi da aibu. Tsoro na ji. Na mayar da yarinya sandata, na hana ta zama mutum, ku kuma kuka bar mini ita don ta sauƙaƙa muku. Shekara da shekaru tana rubuta labarin kowa. Da na ji allinta na karyewa, na san ban kyauta ba, kunya ce ta riƙe bakina."

Ya ɗaga hannu. Bai ga gidajen ba, amma hannun tsohon malami bai manta aikinsa ba. Ya rubuta manyan haruffa, karkatattu, suka haye layi suka tattake sunayen mutane, suka cinye rabin allon: RODA.

"Ya fito?" ya tambaya.

Roda ta durƙushe ta rungume ƙafafunsa tana kuka. "Baba, wa zai kula da kai?"

"Ba ke kaɗai na haifa ba." Ya lalubo kanta ya dafa. "Tashi, Roda."

Jin sunanta a bakinsa ya fi komai karya mata zuciya. Abel ya sunkuyar da kai, ya ce shi zai fara, zai dawo da iyalinsa gida wannan rani, sauran kuma kowa ya san lokacinsa. Joyce ta share ƙwallar kunya, ta harari mahaifiyarta, ta zo ta ɗaga Roda. "Ni dai babbar ƙawa ce, kar ki ba kowa," ta ce. Inna Nana kuwa ta ce guɗarta ba za ta tafi a banza ba, ta ƙara wata.

Da aka watse, Obed ya same ta gaban allo.

"'Yar Alli, kin toshe ni ina tsakiyar neman hanya."

"Ka yafe mini, Obe. Na zaci..."

"Na sani. Ki dai buɗe lambar, akwai saƙonni da suka taru." Ya dubi allon ya yi murmushi. "Na ga sunan da nake nema."

An ɗaura auren bayan Ista, a ƙaramin cocin ƙauyen. Malam ne ya rako ta har gaban fasto, wannan karon shi ke riƙe da hannunta. Ya ɗora shi cikin na Obed ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai kamar yadda ta ji ƙaina. Ku cika mana allo da labari." Coci ya amsa da amin.

Da babur ya ɗauke ta zuwa ɗakinsu a Bagwai, ta waiwaya. Baba na tsaye a ƙofar gida, hannunsa a kafaɗar Abel, yana ɗaga sanda wajen da yake jin ƙarar. Allon kuwa yana zaure har yanzu da karkataccen rubutunsa, don Malam ya hana a goge. Da Disamba ta zagayo, sabon allo aka sayo, Roda ta zo da allinta ta zana.